Wa Ya Kira Hamada? Tarihin Wani Zargi Da Aka Ɗora Wa Manomi

 

Akwai wata magana da kusan dukkanmu muka haddace tun muna firamare, muka yi ta jin ta a rediyo har ta zauna mana a baki: hamada tana kwararowa, kuma sare itatuwa da yawan kiwo ne suka jawo ta. Mu ma da muka fara riƙe alƙalami, duk ranar da aka ba mu jigon muhalli a gasar gajerun labarai sai mu ɗauko ta yadda take. Ga ƙauye, ga jahilin manomi da gatarinsa, ga ɗan boko ya zo daga birni ya wayar masa da kai, labari ya ƙare. To, wannan magana tana da asali. An san waɗanda suka fara yaɗa ta, an san shekarar, kuma idan aka bi sawunta za a tarar da labarin da ya fi wanda muke rubutawa armashi.

A shekarar 1934 wani Baturen Ingila mai suna E. P. Stebbing, farfesan ilimin gandun daji a Jami'ar Edinbura, wanda ya daɗe yana aikin daji a Indiya, ya kawo ziyara Afirka ta Yamma. Ya ratsa Arewacin Nijeriya da kudancin Nijar a cikin rani. Abin da ya gani shi ne abin da duk mai tafiya zai gani a irin wannan lokaci: gonaki fayau, ƙura, ciyawa ta bushe, rairayi yana tashi. Da ya koma gida, a 1935, sai ya tsaya gaban ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Landan ya shaida musu cewa Sahara tana tahowa kudu da misalin kilomita guda kowace shekara, kuma noman ƙaura da ƙona daji da kiwon mutanen ƙasa ne suke buɗe mata hanya. Maganin da ya kawo shi ne a kafa wata doguwar ɗamarar itatuwa mai tsawon sama da mil dubu, ta tare rairayin. Ku riƙe wannan shawara tasa, za mu sake haɗuwa da ita bayan shekara saba'in da sabon suna.

Maganar ta tayar da hankalin gwamnatocin mulkin mallaka, sai Ingila da Faransa suka haɗa kwamitin masana. Daga Disambar 1936 zuwa Fabrairun 1937 kwamitin ya bi iyakar ƙasashen biyu yana dubawa. Ya dawo ya ce bai ga hamada tana tafiya ba. Tuddan rairayin da ake nunawa tsofaffi ne, ciyawa ta riƙe su tun da daɗewa, itatuwa kuma suna tohowa a wurare da dama. Ya yarda akwai wuraren da ƙasa ta gaji saboda noma, amma wannan daban, hamada mai tahowa daban. Abin mamaki, rahoton kwamitin ya shige cikin ma'ajiya ya kwanta, maganar Stebbing kuwa ta ci gaba da yawo. A 1949 wani masanin daji Bafaranshe, André Aubréville, ya yaɗa kalmar da daga baya gidajen rediyonmu suka fassara da kwararowar hamada.

Me ya sa labarin da aka ƙaryata ya fi wanda aka tabbatar tsawon rai? A ganinmu, saboda yana da amfani ga masu mulki. Idan talaka ne yake kashe daji, to sai a ƙwace dajin daga hannunsa. A ranar 4 ga Yulin 1935 Faransa ta kafa dokar gandun daji ga dukkan yankunanta na Afirka ta Yamma. Dokar ta mayar da dazuzzuka mallakar hukuma, ta kuma ware wasu itatuwa da ba a yarda kowa ya sara ba sai da takarda, ko da a cikin gonarsa suke. Bayan samun 'yancin kai ma Nijar ba ta sauya hanya ba, dokarta ta 1974 a kan wannan turba ta tafi. A ɓangaren Nijeriya kuma aka yi ta yanka gandun daji ana sa malaman daji su tsare.

Ba wai kafin zuwan Turawa babu doka a kan itace ba. A Damagaram har yau ana ba da labarin Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki har zuwa 1884, cewa ya hana sare gawo, ya kuma sa hukunci mai tsananin gaske a kan wanda ya taɓa shi. Amma gawon da ke gonar mutum a wancan lokaci amfaninsa na mai gonar ne. Sabuwar doka kuwa ta raba mutum da itacen, ta bar masa alhakinsa kawai. A duba lissafin da manomi zai yi. Ga gawo ya toho a gonarsa. In ya bar shi ya girma, ba shi da ikon yanke reshe ɗaya ya gyara danga. In wani mai wucewa ya sara da dare, ma'aikacin gandun daji shi zai kama ya ci tara. To mene ne amfanin renon abin da zai zame maka masifa? Sai ya sa fartanya ya tuge shi tun yana ƙarami, kafin ya kai girman da hukuma za ta gan shi. Dokar da aka kafa don kare itace ita ta koya wa mutane kashe shi tun yana tsiro.

Ga kuma gyaɗa. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kasuwarta ta buɗe, haraji kuma ya koma na kuɗi, manomi ya shiga noma ta ko yana so ko ba ya so. A Maraɗi da Damagaram nomanta ya bunƙasa sosai a shekarun 1950 da 1960. Malaman gona na lokacin abin da suke koyarwa shi ne gona mai tsabta, wadda aka tumɓuke kututture da saiwa don garmar shanu ta wuce ba tangarɗa. Manomin da ya share gonarsa tas shi ne wayayye. Shekarun 1950 kuma an yi ruwa fiye da yadda aka saba, mutane suka yi ta faɗaɗa gonaki zuwa arewa, cikin filayen da a da na makiyaya ne.

Sai fari ya sauka. Daga 1968 zuwa 1974 damina ta yi ta gazawa daga Senegal har Habasha, shekarun 1972 da 1973 suka fi muni. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne mutum 100,000 suka rasu a yankin Sahel, dabbobi kuwa miliyoyi. A Nijar har gwamnati yunwar ta ci: ranar 15 ga Afrilun 1974 Seyni Kountché ya kifar da Hamani Diori, kuma yadda aka tafiyar da abincin agaji yana cikin manyan hujjojinsa. Da duniya ta tashi neman dalili, tsohon labarin nan yana nan a ajiye, sai kawai aka kakkaɓe masa ƙura. A 1975 wani masanin yanayi Ba'amurke, Jule Charney, ya kawo hasashen cewa in dabbobi suka cinye ciyawa ƙasa ta yi fari, sai ta riƙa mayar da hasken rana sama, hakan kuma ya hana hadari haɗuwa. Wato makiyayi da akuyarsa su ne suka kori ruwa. A 1977 Majalisar Ɗinkin Duniya ta kira babban taro a Nairobi kan kwararowar hamada, kuɗi suka fara shigowa, aka shiga dashe.

Wanda ya taso a Jigawa ko Katsina ko Sakkwato ya san layukan darbejiya da aka jera a bakin gonaki don tare iska. Wasu sun rayu, kamar na kwarin Majiya a jihar Tawa, inda aka fara aikin a 1975 kuma ya yi amfani. Amma mafi yawan dashen wancan zamani bai kai labari ba. A reni iri a leda, a kai shi fili a farkon damina, a ɗauki hoto, manyan baƙi su koma birni. Kafin wata damina akuya ta ci, gara ta ci, rana ta ƙone saura. Wa zai ɗebo ruwa daga rijiya mai gaba ashirin ya shayar da itacen gwamnati?

A can gefe kuma masana yanayi suna ta bincike, kuma abin da suka gano ya juya maganar gaba ɗaya. Ruwan daminarmu daga tekun Atilantika iska take ɗauko shi, kuma nisan da hadarin zai yi zuwa arewa ya danganta da yadda zafin tekuna yake. In arewacin Atilantika ya yi sanyi alhali kudancinsa da tekun Indiya sun ɗumama, sai hadarin ya tsaya kudu, ya ƙi hawowa. A 1986 wasu masana a Ingila ƙarƙashin Chris Folland suka nuna wannan alaƙa. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka ba kwamfuta bayanan zafin tekuna kaɗai, ba tare da saka maganar kiwo ko sare itace ba, sai ga farin Sahel ya fito a lissafin kusan yadda ya auku. Wasu binciken kuma suka nuna cewa cikin abubuwan da suka sanyaya arewacin tekun akwai hayaƙin kwal na masana'antun Turai da Amurka, wanda ƙurarsa take tare hasken rana. Da waɗannan ƙasashe suka tsaurara dokokin tsabtace iskarsu, don lafiyar huhun mutanensu, hayaƙin ya ragu, kuma daga shekarun 1990 ruwa ya fara ɗan dawowa. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A wannan karon dai wani ne ya kori ruwan, wani kuma ya kwana da yunwa, aka kuma bi shi da zargi.

Kafin wannan bincike ya fito, wani abu ya riga ya fara faruwa a gonakin Maraɗi. Wani matashi ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya zo Nijar a farkon shekarun 1980 ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta SIM, aikinsa dashen itatuwa, kuma yana ta kallon su suna mutuwa. A 1983, wata rana ya tsaya rage iskar tayar motarsa don ya ratsa rairayi, sai idonsa ya faɗa kan ɗaya daga cikin 'yan kurmin nan da ke warwatse a gonaki. Da ya duba ganyen da kyau sai ya ga ai itace ne, wanda aka sare tun tuni, yana tohowa daga kututture. Saiwarsa tana nan da rai a ƙasa, ta riga ta kai ga laima. Kowace shekara sai ya toho, kowace shekara kuma a sassabe shi kafin shuka. Ashe dajin bai mutu ba, yana ƙarƙashin ƙasa.

Dabarar ba ta da wuya. Lokacin sassabe, maimakon a share tohon duka, sai a zaɓi guda biyu ko uku mafi ƙarfi a bari, a yanke sauran, a rage musu rassan ƙasa. Da yake ƙarfin tsohuwar saiwa duk ya koma kansu, cikin shekara uku ko huɗu sun wuce tsayin mutum. Ba leda, ba ban ruwa, ba sisin kwabo. A Nijar sunan da aka ba abin shi ne sassaben zamani. Sabara, kalgo, geza, aduwa, magarya, duk irin itatuwan da aka raina ne suka dawo ta wannan hanya.

Da farko manoma kaɗan ne suka yarda, su ma aka yi ta yi musu dariya cewa sun bar gona da datti kamar malalata. Sai yunwar 1984 ta zo, wadda ta haɗu da rufe iyakar Nijeriya, har a wasu yankunan Nijar aka laƙaba mata suna El-Buhari. (A nan akwai abin lura ga marubuci. Mutanenmu ba sa barin yunwa ta wuce ba suna, tun daga Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, kuma sunan yakan ɗauke da labarin da babu shi a rahoton hukuma.) A wannan shekara aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin toho a gona a ƙauyuka kusan ɗari, aka tsirar da itatuwa wajen dubu ɗari biyar. Da agaji ya ƙare, akasarin mutane suka sare nasu. Amma waɗanda suka bari sun fara ganin bambanci: iska ta daina binne musu shuka da rairayi har su sake shuka sau biyu sau uku, ga itacen girki a kusa, ga ganyen dabba. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. A haka abin ya bazu, daga gona zuwa gona.

Kada mu yi saurin mayar da labarin na Bature guda, domin wannan ma wani tarkon ne. A kudancin Damagaram, wajen Magarya da Matamaye da Mirya, manoma sun rufe fili mai faɗin kusan hekta miliyan guda da gawo, kuma mafi yawansu babu wani shiri da ya koya musu. Ilimin gawo tsoho ne a wurinsu. Shi ne itacen da yake zubar da ganyensa da damina, lokacin da gero yake buƙatar rana, ya kuma yi kore shar da rani, lokacin da dabba take neman inuwa da abinci. Saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, ganyen da ya zuba ya zama taki, dabbobin da suka kwanta ƙarƙashinsa suna cin 'ya'yansa su bar kashi. Kowane manomi ya san geron gindin gawo ya fi na fili. Abin da ya canja shi ne tsoro. A ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 gwamnatin Nijar ta shiga matsin tattalin arziki da rikicin siyasa, ma'aikatan gandun daji suka rage shiga ƙauyuka, mutane suka fara ɗaukar itacen gonarsu a matsayin nasu. Dokar karkara ta 1993 da sabuwar dokar daji ta 2004 sun biyo baya ne suka tabbatar da abin da ya riga ya faru.

An ɗauki kusan shekara ashirin kafin duniya ta lura. Sai a tsakiyar shekarun 2000, da masu bincike irin su Mahamane Larwanou da Chris Reij da Gray Tappan suka kwatanta tsofaffin hotunan sama na 1975 da sababbin hotunan tauraron ɗan'adam, suka kuma taka ƙasa suka ƙirga, sannan girman abin ya bayyana. Hekta miliyan 5, itatuwa kimanin miliyan 200, da ƙarin hatsi da aka ƙiyasta ya kai tan 500,000 a shekara. Kuma wuraren da jama'a suka fi yawa nan ne itatuwa suka fi yawa, akasin abin da Stebbing ya hango.

Wannan bai kamata ya ba Bakano mamaki ba. Tun shekarun 1960 Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, yake nazarin ƙauyukan da ke kewaye da Kano, inda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, jakuna suna kai takin birni a mangala suna dawowa da itace. Binciken da aka yi a shekarun 1980 ya tarar da ɗorawa da kuka da tsamiya da gawon gonakin nan ba su ragu ba duk da fari biyu da suka wuce. Itacen da yake da mai shi ya tsira. Wanda ya sha gatari shi ne na dajin da ba na kowa ba, can nesa, inda manyan motoci suke lodi su kawo birni.

Ba muna wanke kowa tas ba ne. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gawayin da muke girki da shi a birni daga wani daji ya fito, mu ne kasuwarsa. Yawan jama'a ya ninka, gonaki sun cinye burtali da mashaya. Shi kansa sassaben zamani yana da wanda ya cutu da shi: makiyayin da a da yake kakkaɓo 'ya'yan gawo ko ya sassaro reshe a duk inda ya ga dama, yanzu ya tarar kowane itace da mai shi tsaye a gindinsa. A ƙauyen Ɗan Saga da ke yankin Agiye sai da aka kafa kwamitin tsaron itatuwa, aka sa mata da Fulani makiyaya a ciki, kafin rigimar ta lafa. Ga jigo nan a kwance, mai manomi da makiyayi da kowannensu yake da gaskiyarsa, amma da wuya ka ci karo da shi a littattafanmu. Jarumarmu takan zauna "a gindin wata bishiya", kamar ba mu san sunan ko guda ba.

Ita kuwa ɗamarar Stebbing ta dawo. A 2005 Shugaba Olusegun Obasanjo ya gabatar da shawarar kafa katangar itatuwa, a 2007 Tarayyar Afirka ta amince da ita: kilomita kusan 8,000 daga Dakar zuwa Jibuti, faɗi kilomita 15. Nijeriya ta kafa mata hukuma ta musamman a 2015 don jihohi goma sha ɗaya na Arewa. Burin shi ne farfaɗo da hekta miliyan 100 kafin 2030. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce abin da aka cimma a ainihin yankin shirin hekta miliyan 4 ne, wato bai kai abin da manoman Nijar suka yi da lauje da adda ba. Masu shirin da kansu sun sassauta maganar katanga, sun koma batun gyaran gonaki da filaye wuri-wuri, kuma sassaben zamani yana cikin hanyoyin da suka ɗauka. A 2018 aka ba Rinaudo da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya farfaɗo da noman ramuka, wata babbar lambar yabo a Suwidin.

Yanayin kuma bai tsaya inda yake ba. Ruwan da ya dawo ba irin na da ba ne. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982, kuma ya danganta hakan da ƙaruwar zafin Sahara. Yanzu sai a yi kwana ashirin ba ɗigo, shuka ta yi yaushi, sannan ruwan wata guda ya sauka cikin dare ɗaya. Ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600 a Nijeriya. A Afrilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali, a Satumbar wannan shekara kuma madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri. Duk nahiyar Afirka abin da take fitarwa na iskar da ke ɗumama duniya bai kai kashi 4 cikin 100 ba.